Kalmar da Karnukan Merv Ke Jira

Ranar da Merv Tolhurst ya faɗo daga tsani, shi kaɗai ya iso ƙasa. Wandonsa ya tsaya can sama a bakin ƙusa yana lilo. Ya hau ne ya share ganyen da ya toshe indararon tankin ruwa. A haka Noelene, bazawarar gidan gefe, ta same shi, ƙugu a karye, yana ta ƙoƙarin rufa wa kansa asiri da hula. Ita kuwa hular nan ba wani girma ne da ita ba.

Shekara arba'in Merv ya yi yana askin tumaki, har bayansa ya koma kamar lauje. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa tana birnin Sydney, gida ya rage daga shi sai karnukan kiwo biyu, Sarge da Tuppence. Saboda gubar da manoma ke ajiye wa dila a gonaki, ya hore su ba sa taɓa abinci sai ya faɗi wata kalma da shi kaɗai ya sani. 'Yar ta sha roƙonsa ya rubuta wanda zai riƙe su idan ta Allah ta kasance, da wannan kalma. Kullum sai ya hau zancen fari da farashin ulu.

Kwanansa uku a asibiti sai ga Noelene, tare da Des Hanrahan na tsallaken titi, wanda magana ba ta kwana a cikinsa. Ta ce ta gwada tsiran naman rago, ta gwada gasasshiyar kaza, karnuka sai dai su zauna gaban kwano yawu na zuba. Tuppence ma ta fara tangaɗi. Merv ya nemi ta ɗan fita ya raɗa wa Des, ta ce banza ne, Sarge ba ya barin Des ya taɓa ko ƙofa.

"Faɗi mana, tsoho," in ji Des. "Me ya rage da ba ta gani ba?"

Merv ya juya fuska bango, kunnuwansa suka yi ja wur. Ya tuna yadda Tuppence ke ɗora haɓa a kan takalminsa. Da wata 'yar murya ya ce, "Noelene, ki aure ni."

Tsohon da ke gadon kusa har da gyara na'urar jin da ke kunnensa. Noelene ta ɗauki jakarta ta fice. Da yamma ta bugo waya ta ce ta faɗa wa karnukan wannan kalmar tasa, sun lashe kwano tas, ta kashe.

Da aka sallamo shi, da sandarsa, abin da ya fara yi shi ne rubuta takardar nan: sunan Noelene, tunda ta yarda da karnukan, lambar likitan dabbobi, maganin ƙafar Sarge, sai kalmar a can ƙasa da ƙananan haruffa. Ya manna a jikin firij. Amma wata guda cur bai leƙa mashayar gari ba. Ranar da ya daure ya shiga, Des ya tare kofin giyarsa da tafin hannu, ya ce ba mai sha sai an faɗi kalma. Aka bushe da dariya.

Merv ya ture hannun a hankali. "Ni dai shekara shida ina faɗa, kullum ana kaɗa mini jela. Kai yaushe rabon ka buɗe baki a gidanku a kaɗa maka ko da kai?"