Hantsakin Juma'a

Jama'a, yau na ga abin mamaki!

Ni da aminiyata Falmata duk muna da gashi a haɓa. Duk Juma'a takan taho daga Yindiski mu tsige wa juna da hantsaki, muna hira. Tun rasuwar maigidana ita kaɗai ke leƙo ni.

Yau ta zo, bayan wata biyar a Jidda wajen 'yarta. Haɓa sumul! Na shafa, ko sili ɗaya babu!

Na ce, "Falmata, wane wanzami ne wannan?"

Ta ce, "Likita ne! Da wata na'ura, leza, yake ƙone gashin da haske. Na huta da zaryar Juma'a!"

Tana dariya ta ajiye min dabino ta fita. Hantsakin yana hannuna. Ko haɓata ba ta kalla ba.