Wa Zai Yashe Kwalbatin Bayan Baban Kamila?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata 12 ga Nuwamba 2024, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran maƙwabcinmu Malam Abdulbaƙi Kalilu, Baban Kamila, a wani asibiti a nan Kuala Lumpur, bayan jinyar kwana tara. Yau kwana shida ke nan na kasa zama wuri ɗaya. Da hadari ya haɗo da La'asar sai in ga ina kai da kawo tsakanin kicin da taga.

Baban Kamila, karatun digiri na uku ya kawo ka ƙasar nan, ba aikin lambatu ba. Unguwarmu ƙananan gidaje ce a gefen tafki, can bayan Sri Petaling, titi ɗaya ne tak ke fita daga cikinta. Duk ruwan da ya gangaro daga tudu sai ya bi ta kwalbati guda a ƙarƙashin titin kafin ya faɗa tafki. In ta toshe, titi ya cika, motar makaranta ta tsaya a ƙetare, 'ya'yanmu su ratso ruwa har gwiwa. A cikinmu 'yan Najeriya kai kaɗai ka tsaya ka lura da wannan.

Mu da tsarin gida muka taho. A Kano sau ɗaya ake yashe lambatu, gab da damina, a yi gayya a watse. Da ka tara mazanmu a surau, ƙaramin masallacin unguwa, ka ce a riƙa fitowa duk Asabar, sai wani ya ce, "Haba Injiniya, relax lah, kwantar da hankalinka, bari damina ta wuce tukuna." Ka ce, "Dakta, shekararka huɗu a garin nan. Yaushe ka ga ta wuce?" Aka kwashe da dariya, aka wuce shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi, shan shayi. Da Asabar ta zo mutum uku ne a bakin kwalbati: kai, da Ernest mutumin Kafanchan, da Pak Cik Rosli, dattijo ɗan ƙasa mai shekara saba'in. Haka kuka yi shekara biyu da manjagara da buhu.

Ba zan faɗi laifin wasu in ɓoye nawa ba. Ni na matsa wa maigidana ya zuba mana dakali a ƙofar gida, don a wurina gidan da ba dakali bai cika gida ba. A kan bakin lambatu aka zuba simintin. Ka zo ka yi sallama, ka tsaya daga waje, ka ce, "Maman Adnan, dakali ya yi kyau, amma kin tare wa ruwa hanya." Na ba ka amsar da har yau nake jin kunyarta. Ba a yi mako uku ba aka tafka ruwa daidai lokacin tashi daga makaranta. Ruwan da ya rasa hanya a ƙofata ya hau titi, ya ɗebe ƙafafun 'yata Walida, ya yi wajen tafki da ita. Ina tsaye ina ihu ka faɗa ka cafko ta ta jakar bayanta. Ba ka taɓa tayar mini da maganar ba. Washegari ka zo da guduma, ka fasa iya bakin lambatun, ka sa ragar ƙarfe, ka bar mini sauran wurin zamana.

Likitoci sun ce ciwon fitsarin ɓera ne ya kama ka, wanda ake ɗauka a ruwan kwata idan akwai rauni a jiki. Matarka Rabi ta ce takalminka na roba ya huje, kwalba ta yanke ka, ka ɗaure da tsumma ka ƙarasa aikin. Ajali ne, na yi imani da haka. Amma ba aljanu ne suka riƙa juye ragowar shinkafa da man suya da robobin abinci a lambatu ba, har ɓeraye suka mai da shi gida. Mu ne, mu masu ilimi, masu tsabtar falo.

Yanzu ga mazanmu. Kun cika zaman makoki da manyan riguna, kowa yana faɗin alherin mamaci. Madalla. To jiya na leƙa kwalbatin, ganye da leda sun cinye rabinta, ga shi watan nan ruwa ba ya fashi. Ernest shi kaɗai ba zai iya ba, Pak Cik kuma bayansa ya ƙi. Ko sai an ciro ɗan wani daga tafki sannan za ku kira taro? Ku sani, Asabar mai zuwa ƙarfe bakwai na safe ni da Mabel matar Ernest da wasu mata biyar za mu fito, da safar hannu da takalma masu kyau. Namijin da zai iya ganin matarsa cikin kwata ya gyara kwanciya, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa.

Ya Allah Ka jiƙan Abdulbaƙi, Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa a wannan ƙasa da ba tasa ba. Ka sa kowace ƙazanta da ya kawar daga hanyar jama'a ta zama nauyi a mizaninsa. Rabi 'yar'uwata, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya raya Kamila da Imran, Ya sanyaya zuciyar Inna mahaifiyarsa da sauran dangi a Rano. Mu kuma da ya bari, Allah Ya yafe mana, Ya ba mu kunyar da za ta tashe mu tsaye kafin ruwa na gaba.

Ruƙayya Bello (Maman Adnan)