Nauyina bai shiga lissafinsu ba

Salamu alaikum 'yan uwa. Fiye da shekara arba'in ban buɗe baki kan wannan ba. Jiya na ga wata a nan tana cewa za ta bar magani don sakamakonta bai kai na mutane ba. Don ke nake rubutu.

Zamanin shugabanmu na farko ne, ina amarya a Garwa, unguwar Pumpumre. Maigida, Sule, mahauci ne. Ni kuwa ba ni da aiki sai 'yan littattafan soyayya na Faransanci, waɗanda nake fara karantawa daga shafin ƙarshe, don ba na iya jira.

Tari ya fara. Sai zazzaɓin yamma. Sai zobena ya zame ya faɗa cikin kwanon wanki.

Ran da na ga jini a gefen zanena aka kai ni lopital, wato asibiti. Aka gwada majina, aka ɗau hoton ƙirji. Tarin fuka.

Allura kowace safiya, har zama ya gagare ni. Ƙwayoyi cike da tafi. Maigida ya sayar da bijimi guda. Kowace Litinin Madam Marta, ma'aikaciyar jinya 'yar kan dutse mai Hausar kasuwa, ta ɗora mu a sikeli.

Likitanmu saurayi ne, yana rubuta nauyin da kowa ya ƙara a wani littafi. Ya liƙa takarda a bango mai lambobi uku: matsakaicin ƙarin nauyi a wata biyu, da ƙarama da babba a gefensa. Lambobin sun ɓace mini. Nawa dai ban manta ba: kilo ɗaya da rabi. Ko ƙaramar ban kai ba.

Yaya Hamadu, wan maigida, dillalin shanu ne, ya san lamba. Ya duba takardar, ya dube ni yadda yake duban saniya.

"Sule, dabbar da aka ba dusa wata biyu ba ta yi nama ba, ka san makomarta. Ɗauke ta mu koma gida, a yi na gargajiya."

Na ji tsoro, wallahi. Amma haushi ya fi tsoron.

"Yaya, ni ba saniyarka ba ce. Ba inda za ni sai likita ya faɗa da bakinsa."

Madam Marta ta ce, "Yauwa, amariya, faɗa masa!" Ta je ta kira likita, ta tsaya tana fassara.

Likita ya ce lambobin gefen ba shinge ba ne da kowa zai shiga. Mutane kaɗan ya auna, don haka bai san matsakaicin gaskiya daidai ba. Yana da ƙarfin zato dai cewa yana tsakanin waɗannan biyun. Da zai auna mutane da yawa, tazarar za ta ƙara tsukewa, amma mutane ba za su daina bambanta ba.

Maigida, da bai taɓa musu da wansa ba, ya ce a hankali, "Yaya, in ka auna goma daga garke ka ƙiyasta nauyin garken, ai ba ka ce kowace saniya haka take ba."

Na ce a nuna mini littafin. Likita ya rufe sunayen da hannu, na bi layi-layi, na duba ƙarshen kowa kamar yadda na saba. Ga wata da ba ta kai ni ba ma. A gabanta an rubuta: ta warke, ta tafi gida.

Na ce, "Madam, kawo allurar."

Yaya Hamadu ya yi wata uku bai gaishe ni ba. Na gama maganina kaf, majina ta fito fes. Ran da aka sallame ni, shi ya aiko da cinyar rago. Na cinye.

Alhamdu lillahi. Allah ya ji ƙan maigida, ya saka wa Madam Marta.

Ke kuma, 'yata: in an nuna miki lamba, tambayi mutum nawa aka auna, kuma lambar ta taro ce ko taki. Kada ki bar magani sai likitanki ya ce.

Zoben yana yatsana yanzu. Ya matse, ya ƙi fita.