Ranar da Auta ya aske mini inabi

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da autana ya sa almakashi a jikin inabina ba.

Shi ya kawo itacen. Karatun noma ya kai shi ƙasar Faransa, ya zauna wata uku a gonar wasu mutane da suka gaji noman inabi tun kakan kakansu. Ya ce suna tsinke 'ya'yan da hannu, su matse, su zuba ruwan a gangunan katako, su ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa shekara da shekaru har ya zama giya. Na ce a'uzubillahi! Ya yi dariya ya ce, "Inna, noma na je koyo, ko ɗanɗanawa ban yi ba."

Da ya dawo ya nemo reshe daga wajen Zariya, ya dasa mini a bayan ɗakina a ƙauyenmu Kakangi. Ranar da 'yan bindiga suka tashe mu, ban ɗauki tukunya ba, ban ɗauki tabarma ba. Reshen inabin nan na karya, na naɗe a gefen zane.

A Birnin Gwari, inda muka yi hijira, na dasa shi ya kama. Na ba shi ruwa, na ba shi kashin awaki, ya rufe rumfa da ganye, amma shekara uku ko ɗa ɗaya. Ban bari kowa ya taɓa ko ganye ba, don shi kaɗai ya rage mini daga gida.

Wata safiya bayan ɗaukewar damina na dawo daga barka, na tarar da rassa zube a ƙasa, rumfa tsirara, Auta riƙe da almakashi. Na zauna daɓas.

"Abin da ɓarayi suka bar mini kai ka ƙarasa?"

Ya durƙusa. "Inna, tsohon nan mai gonar can ta Faransa haka yake yi duk shekara. Ido biyu kawai, inda toho zai fito, yake bari a reshe. Ya ce kakansa ya koya masa, in ka tausaya wa inabi, ganye za ka ci."

"Masu giya ne malamanka yanzu?"

Kwana tara ban amsa gaisuwarsa ba. Sai ga toho. Kafin zafi ya shigo, 'ya'ya sun sauko curi-curi, har maƙwabta suka samu.

Tun daga ranar na daina cewa mun ƙare. Mu ma an yanke mu daga Kakangi, amma Allah ya bar mana ido biyu.