Ranar da Mazarƙwailar Kawu Ta Ƙone

Jiya na bi ta bayan Kudan, ƙamshin ruwan rake da ake dafawa ya tare ni a hanya, sai na tuna da kawuna, Allah Ya jiƙansa.

Shi ba ya leƙa kasko. Daga inda yake zaune yakan ɗaga hanci ya ce, "A janye wuta, ta yi." Mazarƙwailarsa ba ta taɓa ƙonewa ba, har lokacin da tsiro ya fito masa a cikin hanci. An cire a Zariya, ya sake fitowa. Da baki yake numfashi, goshinsa kullum da nauyi. Bai gaya wa kowa ya daina jin ƙamshi ba, domin saboda hancin nan ake neman sa aiki.

Wata rana ina zaune gefensa ina karanta masa waƙar wa'azi ta ajami, sai ƙauri ya tashi. Ni da masu aikin dafa ruwan raken duk mun ji, amma wa zai riga Kawu magana? Muka yi shiru muna jiran sa, shi kuma yana bin fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sai da hayaƙi ya yi baƙi ya ce, "Ɗana, ta ƙone ko?"

"Ta ƙone, Kawu."

"Kun ji, kuka bar ni? Ni ciwo ya kulle ni. Ku me ya kulle ku?"

Daga ranar bai sake zama bakin kasko ba.

Ya Allah, Ka yafe mana shirun nan, Ka sa ƙamshin Aljanna ya cika hancin da ya yi shekaru a toshe.