Agwagwar Kaka a Kogon Goron Dutse

A gindin Goron Dutse, bayan gidanmu, akwai wani rami da masu haƙar jar ƙasa suka bari tun kafin a haife ni. Kogo muke ce masa. Da damina ruwa kan tsattsafo daga jikin dutsen ya bi ta cikinsa, kana jin gudunsa daga waje amma ba ka ganinsa. Na sha faɗa wa 'yan ajinmu cewa na taɓa shiga har na ɓulla Katsina. Gaskiyar magana, ban taɓa wuce bakinsa ba sai bara.

Kakata tana da agwagwa ɗaya, tsohuwa, mai baƙin hali. Kakanmu ne ya saya mata ita wata biyu kafin ya rasu. Da ita take hira da hantsi, har tsadar gero take gaya mata. Wata rana ni na bar ƙofar baya a buɗe, kuma a kan idona agwagwar ta shige kogon tana taku kamar matar gwamna.

Kaka ba ta yi faɗa ba. Zama kawai ta yi a bakin murhu. Da ma bulala ta ɗauko.

"Bar ta, Maigida," in ji ta, sunan da take kirana ke nan. "Wanda ya ba ni ita ma ya tafi."

Na sace wayar yayana saboda fitilarta, na naɗe wando, na shiga. Da farko a sunkuye, daga baya da rarrafe. Ruwan ya kai gwiwa, sanyinsa kuwa sai ka rantse daga firji yake fitowa. Bangon santsi, saiwoyi suna shafa min wuya, wani jemage ya mare ni ya wuce ko sannu babu. Hanya ta rabu biyu, ta sake rabuwa. Can na hango agwagwar a kan wani tudu tana gyaran fiffike. Na cafke ta, ta cafke min yatsa, waya ta faɗa ruwa.

Duhun da ya rufe ni, ko hancina sai da na laluba. Na karanta duk surorin da na haddace, na haɗa da addu'ar shiga banɗaki. Na rasa ta inda na fito.

Sai na ji kacau-kacau daga nesa. Kaka ce take kaɗa dawa a kwano, yadda take kiran agwagwar kullum. Ni ƙarar ta ko'ina take zuwar min. Amma agwagwar, tana ƙarƙashin hammatata, ta miƙe wuya hagu. Na bi hagu. Ta miƙe dama, na bi dama, har haske ya bayyana.

Kaka tana tsaye cikin taɓo, takalmi ɗaya a ƙafa, matar da ciwon gwiwa ya hana ta ko leƙa zaure tun azumi.

"Ni kika zo nema ko ita?" na tambaye ta.

"Ita mana. Kai ai ina da irinka goma sha ɗaya."

Agwagwar ta wuce gaba abinta. Kaka kuwa ta damƙe min tsintsiyar hannu, ba ta sake ni ba har tsakar gida, inda yayana yake zaune yana jiran wayarsa.