Ruwa a Kwari, Iska a Tudu

Yayana ne ya kawo mana maganar injin iska. Ya daɗe yana bin motocin albasa zuwa cikin Nijar, kuma can wajen Tawa ya ga wata farfela bisa dogon ƙarfe tana jan ruwa daga rijiya, ba fetur, ba jaki, ba mutum. Ya dawo Illela ba shi da zance sai nata. Lokacin mu biyu kaɗai muka rage a gidan mahaifinmu. Tsofaffi sun rasu, 'yan'uwa mata duk suna ɗakunan mazajensu. Fetur kuwa ya fi ƙarfinmu, injin ban-ruwanmu har ya fara tsatsa.

Wata rana muna cin tuwo ya gaya mini ƙiri-ƙiri: "Auta, in albasar bana ba ta yi ba, tahiya za ni yi. Na gaji."

Na tsame hannuna daga tuwon. Ni mutum ne mai saurin fushi, ban iya abota ba. In ka cire shi, ba ni da wanda nake sa hannu a kwano ɗaya da shi.

Mai walda ya yanka mana tsohon duro ya fitar da fukafukai, muka haɗa da sarƙar keke da famfon hannu, muka kafa farfelar bisa dogon ƙarfe kan rijiyar lambunmu da ke cikin kwari, hanyar Tozai. Daidai shigowar sanyi ne. Wallahi ta yi aiki. Tun hantsi take juyi har la'asar, ruwa na bin tiyo yana cika fangalin shuka, mu kuwa muna zaune muna kallo kamar masu gadi. Yaya har yana tsokanata wai in yi wa farfela sannu da aiki, tunda ta fi ni ƙwazo. Da muka ga haka sai muka ƙara fili, muka dasa albasa ninkin abin da hannunmu ya saba shayarwa.

Sanyi na wucewa, iska ta fara yi mana rowa. Da farko ta daina kaiwa la'asar. Daga baya sai ta leƙo da hantsi, ta juya farfelar kaɗan kamar mai jin kunya, ta tafi abinta. Da bazara ta kankama sai a wuni abin nan na tsaye ƙiƙam, tsuntsaye na hutawa a kansa. Abin da ya fi ƙona mini rai, daga cikin lambun ina hango tudu, nan kusa, ganyen dogon yaro na kaɗawa, rigar makiyayi na filfilwa. Iskar tana nan, saukowa kwari ne ba ta yi.

Na ce, "Yaya, mu cicciɓe ta mu kai tudu mana."

Ya dube ni ya ce, "Ta ja mi can? Ƙasa? Ruwa na nan, iska na can. Wanne za ka ɗauka ka kai wa wani?"

Muka koma guga. Tafin hannuna ya sale, bayansa ya riƙe, kafin mu gama ɓangare na biyu, na farko ya bushe. Na zagi farfelar nan zagin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba, har na jefe ta da hoge. Ganye ya yi rawaya ya kwanta. Da muka tona, kan albasar bai fi goro ba.

Bai sake tayar da maganar tafiyar ba, ni ma ban roƙe shi ba. Ranar da zai tafi na raka shi tasha, na riƙe masa jaka har mota ta cika. Ya ce in kula da gida. Na ce Allah shi tsare hanya. Na dawo na dafa shayi, sai da na zuba na ga kofi biyu na ɗauko. Na yi kewarsa ƙwarai, har yanzu ma ina yi.

Gab da damina iska ta dawo, da ƙarfinta kuwa. Na je lambu da la'asar na tarar farfela na gudu kamar za ta tashi, ruwa na malala cikin fangalin da babu ko tsiro, yana tsallakewa har gonar maƙwabci. Gabas ta yi baƙi da hadari, kuma irin wannan guguwa in ta samu farfela sake, karya ta take yi. Dole a ɗaure ta. Na ɗauki igiya na hau har tsakiyar ƙarfen, sannan na gane aikin mutum biyu ne: ɗaya ya ja wutsiyar farfelar daga ƙasa ya kauda ta daga bakin iska, ɗaya ya ɗaure a sama. Na duba kwarin nan kaf, kowa ya gudu gida.

Sai na sauko, na zauna bakin rijiya da igiyar a hannuna, ina jin ƙarfen yana kuka.